Wace Ƙasa Kawu Ya Yi wa Kishi

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidansa a unguwar Jega Firchin ba su ishi jama'a ba, sai da aka aro na masallaci. Direbobi sun zo daga tasha. Mahauta sun rufe teburansu tun da hantsi. Manoma da dillalan albasa sun zo daga Aliero, da la'asar kuma dangin mahaifiyarsa suka iso daga Nijar. A can ƙarshen tabarma wani tsohon bakanike Bayarabe ya zauna, yana ta murza hularsa a hannu. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa.

Bayan an shafa addu'a, wani malamin makaranta mai ritaya ya nisa ya ce, "An yi rashin ɗan kishin ƙasa."

Wani dattijo a cikin mahauta ya ce, "Wace ƙasa, Malam? In Jega kake nufi, na yarda. Ban ga mai son garin ga kamar shi ba."

Ɗaya daga cikin dillalan Aliero ya ce, "Arewa dai. Shi ya fara ɗaure buhunansa lokacin da anka ce kar a kai albasa Kudu."

Babban baƙin Nijar ya ce, "Mu dai namu ne. Bai taɓa kiran mu baƙi ba."

Sai wani matashi a bayana ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana zaton ba a ji: "Mutumin da ya tsare wa baƙi gareji, ɗansa na kwance da karaya."

Na ji shi sarai, ban waiwaya ba. Na taɓa faɗa wa Kawu abin da ya fi wannan muni, ido da ido. Muryoyi sun fara tashi, sai Inna, matar Kawu, ta aiko daga cikin gida: "A gaya musu wanda suke gardama a kansa ya riga ya tahi. Su ci abinci, su bar mu mu ji da ranmu."

Ni ɗan ƙanwarsa ne. A gidansa na tashi, shi ya koya mini tuƙin babbar mota, kuma da yake na ɗan yi boko, ni nake rubuta wa 'yan kasuwar albasa takardunsu. Abin da na gani a zaman makokin nan shi ya sa na ɗauki biro. Kowa ya yanki ɓangaren Kawu da ya yi masa daɗi ya riƙe. Ina so in ajiye shi gaba ɗaya, har da wuraren da muka saɓa.

A Liba aka haife shi, cikin manoma. Ya shigo Jega yana saurayi, ya koyi tuƙi, ya kwashe mafi yawan rayuwarsa yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu. Bai iya taken Najeriya har ƙarshe ba. Malamin nan mai ritaya abokinsa ne, yakan tsokane shi da haka, shi kuwa sai ya ce, "Waƙar ban iya ta ba, Malam. Amma na san ramin da ke kowane titi daga nan har bakin teku. Kai fa, ina ka taɓa zuwa?"

Akwai wata ɗabi'arsa da ta sha ba ni haushi. In babbar mota ta lalace a hanya, akan jera duwatsu a bayanta don masu zuwa su kauce. In an gyara, yawancin direbobi sai su tashi su bar duwatsun a nan. Kawu ba ya wuce su. Komai nauyin kaya, sai ya tsaya an kwashe. Wata rana mun yi latti, albasa ɗanya ce, rana na dukanta, na ce, "Kawu, ba mu munka ajiye su ba."

Ya ce, "Titin na wa ne?"

Na ce, "Na gwamnati."

Ya ce, "Ka taɓa ganin gwamnati bisa babur da matarta a baya? Sauka."

Na sauka. Abin da yake yi tsakanin Jega da Maiyama shi yake yi a dazukan Kudu, inda ba wanda ya san sunansa.

Amma kada a ɗauka mutum ne da ba ya nuna bambanci. Kawu yana da son nasa har ya wuce kima. A wurinsa babu albasa a duniya sai ta Aliero. Ya taɓa ture kwanon tuwo ya ce da albasar wani gari aka yi miyar, Inna ta fito da buhun ta nuna masa, daga gonarsa ne. Bai ba da haƙuri ba, ya ce to an bar ta ta kwana a yanke. Ya iya Yarabanci, yana kuma yin ciniki da wasu harsunan Kudu, amma bai taɓa lanƙwasa Hausarsa don kowa ba. Wani saurayi ya taɓa kwaikwayon "munka" da "sunka" ɗinsa a wata tasha a Kano, ana dariya. Shekaru bayan haka, in aka ambaci Kanawa sai ya ce, "Mutanen kirki ne, sai dai sun haɗiye rabin Hausa."

Dangin uwarsa suna tsallaken iyaka. Lokacin da aka rufe iyakar, ƙanwar mahaifiyarsa ta rasu a can. Ya bar mota a ƙauyen ƙarshe ya bi ta gonaki da ƙafa, da tsufansa, ya je ya yi gaisuwa. Da aka ce masa ya karya doka, ya ce, "Wanda ya ja layin bai san gwaggona ba." Amma da wani ɗan'uwansa na can ya nemi ya riƙa ɓoye masa jarkokin fetur a ƙarƙashin buhuna, sai ya ƙi. Ya ce, "Kowace jarka da ta ƙetare, wani ɗan acaɓa ne zai wuni a layi a Jega. Ba ni yi." Ɗan'uwan ya daina gaishe shi. Na tambaye shi yadda aka yi doka ɗaya ya taka, ɗaya ya riƙe. Ya ce, "Zuwa gaisuwa wa ya cutar?"

Babbar rigimarmu ta zo ne 'yan shekarun baya. A lokacin idanunsa sun yi rauni, ya bar tuƙi, ya miƙa motarsa guda ɗaya ga babban ɗansa, taubashina. Taubashina ya kai kaya wata kasuwa a Kudu, faɗa ya tashi a kan abin da bai shafe shi ba, aka bi motocin 'yan Arewa da wuta. Aka ƙona motar Kawu ƙurmus. Taubashina kuma aka karya masa ƙafa wuri biyu. Sai bayan kwanaki aka kawo shi gida, kwance a bayan wata motar shanu da ta dawo babu kaya.

Aka kira taro a kasuwar albasa ta Aliero, domin ba motarmu kaɗai abin ya shafa ba. Kawu ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Mu riƙe kayanmu. Kar buhu ɗaya ya ƙetare sai an zauna da mu an ji kukanmu." Kowa ya san albasarsa na jibge tana jiran mota, kuma ba mai jure ajiya ba ce. Aka amince. Ni na rubuta sanarwar, cike da alfahari. Na ce a raina yau Kawu ya nuna shi ɗan Arewa ne.

Washegari da safe muka taru a tashar Jega, mu matasa, ina cikin na gaba. Muka yanke cewa za mu rufe shagunan 'yan Kudu, mu ba su wa'adi su bar gari. Za mu fara da garejin tsohon bakaniken nan, don shi ya fi kusa. Ko harshensa ba ɗaya ba ne da na mutanen da suka yi mana ɓarnar, amma ba wanda ya tsaya tambaya. Ashe mahaifiyata ta ji ina shirin a waya, ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Kawu.

Da muka isa, muka tarar da shi zaune a kan benci a bakin ƙofar garejin, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa.

Na ce, "Kawu, tashi. Ba da kai muke ba."

Ya ce, "Da wa kuke?"

"Da waɗanda sunka karya ɗanka."

"Suna ciki?" Ya juya ya kira bakaniken. Tsohon ya fito, sifana a hannunsa. Kawu ya ce masa, "Kai ka karya mini ɗa?"

Ya ce, "Alhaji, ni na gyara mishi birki kafin shi tahi." Da Hausar Jega ya faɗe ta, wadda ta fi tawa zama daram.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A gaban jama'a na ce, "Jiya kai ka ce a riƙe albasa, yau kuma kana gadin su. Kishin naka na baki ne, Kawu. Ka fi son baƙi da jininka."

Kawu ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan ƙanwata, na ce a riƙe kaya don a san muna da haƙƙi a ƙasar ga har can inda anka ƙona motar. Can ɗin ma tamu ce. Su waɗancan cewa sunka yi kowa ya koma garin ubansa. In kun kori wanga tsoho, kun sa hannu ke nan a maganarsu. To ni ban yarda ba. Ban ƙare ƙuruciyata bisa titi ba don a ce mini iyakata gadar Jebba." Ya gyara zama. "Wanda zai shiga, ya fara ɗaga ni da bencin."

Ba wanda ya matsa. Rabinmu shi ya koya wa tuƙi, sauran kuma ya san iyayensu. Wani daga baya ya jefo ledar ruwa, ta fashe a kan rigarsa. Bai share ba, bai nemi wanda ya jefa ba. A hankali taron ya watse, ana gunaguni. Kwana uku yana zuwa bencin nan daga safe har magariba, har zafin ya huce.

Na ɗauke ƙafa daga gidansa kusan wata biyu. In zan duba taubashina, sai in je wurin mai ɗori a lokacin da na san Kawu ba ya nan. Taubashina bai taɓa cewa komai a kan garejin ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Bawana ya zo. Matso ka yi mini fifita." A cikin kwanakin nan albasar Kawu ta ruɓe. An gaya mini shi da kansa ya tsaya aka kwashe ta aka zubar a bayan gari, bai sayar da ko buhu ɗaya ta bayan fage ba, ko da yake wasu da suka fi shi ɗaga murya a taro sun yi hakan.

Da manya suka zauna aka janye matakin riƙe albasa, direbobi suka yi ta noƙewa, ba mai son ya zama na farko. Wata safiya ina karyawa sai ga Kawu a ƙofar gidana. Bai yi zancen abin da ya wuce ba. Ya ce, "Ɗauko lasisinka. Na ari mota, an yi lodi. Kai za ka tuƙa."

Na ce, "Ina?"

Ya ce, "Inda anka ƙona tamu."

Kwana biyu muna tafe, maganarmu ba ta wuce ta sallah da abinci ba. Da muka shiga garin, gawar motar tana nan a gefen kasuwa, ta yi tsatsa, an cire duk abin da zai ciru. Kawu ya dube ta ya kau da kai. Ya sa aka kai shi wurin shugabannin kasuwar. Na zaci sulhu ya je yi, har na fara jin kunyar zama kusa da shi. Sai na ji ya ce musu da harshensu, sannan ya maimaita da Hausa don in ji: "Na zo da albasa, ban zo da yafiya ba. Ɗana ba zai ƙara taka birki ba. Ina son wanda ya yi mishi haka ya tsaya gaban alƙali, kamar yadda zan kai ɗan Jega in ya taɓa naku."

Suka ba da haƙuri, suka yi alkawari. Wata tsohuwa da ta daɗe tana sayen kaya a hannunsa ta zauna a kan buhu tana kuka, ta kasa haɗa ido da shi. Muka sauke kaya muka juyo. Gaskiyar magana, ba abin da ya biyo baya. Ba a gurfanar da kowa ba. Kawu ya sa na rubuta takardu zuwa hukuma har na gaji da rubutawa, kuma ya koma ga Allah yana tambaya ko an samu amsa. Wannan fushin bai taɓa barin sa ba.

A hanyar dawowa na ce masa, "To mi munka samu, Kawu?"

Ya ce, "Sun ga mun dawo."

Muka tsaya sallar azahar a wani ƙauye. Ina riƙe da buta na ce, "Kawu, maganar da na yi maka a bakin gareji, ka yafe mini." Ya miƙo hannuwansa ya ce, "Zuba ruwa, lokaci na tahiya." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma daga ranar na koma cin tuwo a gidansa.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi shiga. Ba ya son a zauna ana kallon sa da tausayi, sai ya yi ta tambayar ko an yi ruwa a Liba, ko wane ya dawo daga tafiya, ko an cike ramin da ke kusa da mahaɗar Aliero. Ranar Talata da hantsi, Inna na gefensa, ya cika.

Tun daga zaman makokin nake juya gardamar mutanen nan. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ya so Jega, ya so harshensa, ya tsaya wa 'yan Arewa har ya yi asara, ya riƙe danginsa na ƙetare, ya kuma ɗauki Najeriya duka a matsayin wurin da yake da ikon shiga ya nemi haƙƙinsa. Ni a da na ɗauka dole mutum ya zaɓi ɗaya ya ƙi sauran, kuma yawan ƙiyayyarka ita ce ma'aunin kishinka. Da wannan tunanin na je bakin gareji. Ban ce na gama warkewa ba. Har yanzu in na ga taubashina yana jan ƙafa zuwa masallaci, wani abu yakan taso mini a ƙirji. Sai dai na ƙudura cewa ba zan ƙara kai wannan abin ƙofar wanda bai yi mini komai ba.

Bayan sadakar arba'in taubashina ya kira ni a waya. Ya ce, "Bawana, zo ka tuƙa ni Maiyama."

A hanya ya ba ni labari. A rabon gado an ba shi wata fadama a wani ƙauye bayan Maiyama. Kusa da ƙauyen wasu iyalai sun sauka, waɗanda 'yan bindiga suka kora daga garuruwansu. Hausarsu ba ta nuna ba, a tsakaninsu wani harshe suke yi. Sun nemi aron wurin noman rani, mutanen ƙauyen suka ƙi. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin a wannan zamani kowa tsoro yake ji, kuma an sha jin yadda baƙo ke zama idon ɓarayin daji.

Muka tarar da dattawa a ƙofar gidan mai gari. Baƙin na tsugune a gefe, maza huɗu, ɗaya da fartanya wadda da alama ita kaɗai ya tsira da ita. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, taubashina ya ce, "Ranka ya daɗe, rabin fadamar babana zan ba su aro, su noma. Na zo in faɗa a gabanka ne don kar a ji daga baya."

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, ba rowa muke yi ba. Mutanen ga ba 'yan ƙasa ba ne. Ba mu san asalinsu ba."

Na ji bakina ya buɗe kafin in shirya. Na ce, "Baba, to a san su. Ga takarda, ga biro. Mai gari ya tambaye su sunayensu da garinsu da wanda ya san su, in rubuta, a bincika. In an samu mugu a ciki, mu za mu fara kai shi hukuma. Amma ba daga wata duniya sunka zo ba. Tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu da garinsu."

Aka daɗe ana magana. Wasu suka tashi suka tafi ba su gamsu ba, kuma har yau ba su gamsu ba. A ƙarshe mai gari ya dubi taubashina ya ce, "In wani abu ya faru, wa za a tambaya?"

Taubashina ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Ni. Kun san gidanmu a Jega. Kuma ga ƙafar kuna gani, ba ni iya gudu."

Sai mai gari ya ce in fara rubutu. Na rubuta sunayen su huɗun da na iyalansu. Da muka gama, mai fartanyar ya tashi ya bi mu har bakin fadamar. Taubashina ya nuna masa iyaka da sandarsa, daga bishiyar giginya zuwa bakin rijiya. Mutumin bai jira mun tafi ba, ya tuɓe riga ya fara sara.